Jirgin da Ya Bar Baba Yana Salla

Jikana mai tuƙa babbar mota ne ya tayar mini da wannan zance. Ya dawo daga Gusau, ya zauna yana cin tuwo yana ba da labari kamar ba komai ba, wai ya bi ta tashar jirgin ƙasa ya tarar da awaki kwance a kan dogo, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, tankin ruwan kuma ya yi tsatsa har tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. Ya faɗa, ya ci gaba da lomarsa. Ni kuwa sai tuwon ya fita raina. Na ce masa, "Kai, ka san wanda ya ɗauki ƙasar da awakin nan ke kwance a kai?" Ya ce bai sani ba. Na cire hula na nuna masa tsakiyar kaina. Yara suka fashe da dariya, su a ganinsu tsufa ne ya cinye gashin. Tsufa ya ci nasa, amma kwanon sarki, wato kwanon ƙarfen da lebura ke ɗaukar ƙasa da shi, ya riga shi farawa.

A Kalgo aka haife ni, kuma da muna yara abin da ya fi komai gudu a duniyarmu shi ne doki, sai kwalekwale in ya samu ruwan damina. Ba mu san ƙarar inji ba. Abin da kunne ya saba da shi shi ne lugude da asuba, da kukan jakai, da ihun da muke yi a fadama muna korar tsuntsaye daga shinkafa tun safe har muryarmu ta dushe. Uwata 'yar Gwandu ce, danginta masu shanu ne a wajen Malisa, saboda haka in an yi girbi akan tura ni can in kai musu busasshen kifi in dawo da man shanu. Ba wanda ke tambayar nisan wuri da mil. Sai dai a ce zango nawa ne, akwai rijiya ko babu, wa ka sani a garin da za ka kwana. Yanzu yaro zai fita Kalgo da safe ya je Sakkwato ya dawo kafin la'asar, ka tambaye shi me ya gani a hanya ya ce barci ya yi. A da kuwa kowace kuka da kowane rafi sai ka san su, domin ƙafarka ce ta kai ka gare su.

Mahaifina falke ne, har ya kai ga zama madugun wani ɗan ayari da ke zuwa Gwanja sayen goro. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "yaro". Mutum ne mara yawan magana, amma in aka taɓo ayari sai bakinsa ya buɗe. Abin da ya fi alfahari da shi ba riba ba ce. Cewa yake a duk tafiye-tafiyensa bai taɓa tashi daga zango ya bar mai rai a baya ba. In jakin wani ya ɓace a jira shi, in cikin wani ya ɓaci a jira shi, in kuwa mutum ya ta da salla, to ko 'yan fashi aka hango sai ya sallame. Dokar ayarinsa ita ce mai salla ya shimfiɗa buzunsa inda madugu zai gan shi, shi ke nan ya gama nasa, sauran na madugu ne. To, Nasara ya zo, ya ja dogo har Kano, goro ya koma zuwa ta teku ya hau jirgin ƙasa, ya iso kasuwa da ɗanyen ganyensa a kan kuɗin da falke ba zai iya sayarwa ba. Ayari ya watse. Jakan Baba suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ya koma noman shinkafa yana tsufa. Bai taɓa ganin jirgin ba, amma ya tsane shi tsana mai tsanani, ko sunansa ba ya faɗa, sai dai ya ce "jakin ƙarfen Nasara".

Ina saurayi, gemu ya fara tsirowa, sai wata shekara bayan girbi saƙo ya zo daga sama cewa kowane gari ya ba da majiya ƙarfi, ana jan dogo daga Zariya zuwa Gusau. Ranar gari ya rikice. Wasu suka shige rumbu, wasu suka tsere fadama, wani abokina har ɗingishi ya ƙirƙira, ya manta da wace ƙafar ya fara. Ni dai aka nuna ni. Uwata ta yi kuka, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da kifi a tsumma. Baba ya raka ni har ƙofar gida, sannan ya ce, "Ka yi musu abin da sunka ce, in wa'adi ya cika ka komo. Kada ka tsaya kallo." Ashe ya san ɗansa.

Ba zan ce aikin daɗi gare shi ba, ƙarya ba ta da amfani ga mai furfura. Diga da shebur da kwanon sarki, tun fitowar rana har faɗuwarta, ga ƙishirwa, ga helma a kanka, wato shugaban leburori, yana daka tsawa. Mutane sun yi ciwo, wasu sun gudu, wasu ba su koma gida ba. Amma ni wani abu ya kama ni wanda har yau bai sake ni ba. Na fara lura cewa ba haƙa kawai muke yi ba, akwai dabara a ciki. Jirgi ba jaki ba ne, ba ya hawan tudu kai tsaye kuma ba ya gangara kwari. Saboda haka in an zo tudu sai a tsaga shi, ƙasar da aka fitar a ɗauka a kai kwarin da ke gaba a cike shi, hanya ta tafi sumul. Tudu ya ba kwari abin da ya rasa, ba a zubar da ko kwano ɗaya a banza. Kafin mu zo safiyo, wato mai awon ƙasa, ya riga ya wuce da na'urarsa mai ƙafa uku, ya kakkafa turaku a daji. Ka dubi turakun nan ka ce wasan yara ne, sai an gama ka tsaya ka hango yadda hanya ta kewaye dutse ta kauce wa fadama, ka san mutumin ya ga jirgin yana tafiya tun daji yana daji.

A ƙarƙashin kowane cikon ƙasa akwai kwalbati, hanyar ruwa da aka gina da dutse da siminti, domin ruwan damina ba ya karɓar haƙuri, in ka tare shi zai tafi da kai da aikinka. Ni ɗan fadama wannan na fi saurin ganewa. Bayan ƙasa ta kwanta sai a zuba tsakuwa, a jera ƙarafan gicciye, na ƙarfe ne ba na itace ba saboda gara, sannan a kawo dogon kansa. Mutum da yawa ke ɗaukar guda ɗaya, mai ba da waƙa yana gaba, a ce "Hoɓɓasa!" a ɗaga tare, wanda ya yi jinkiri kafaɗarsa ta gaya masa. Akwai wani sandan ƙarfe da ake gwada tsakanin dogo da ɗan'uwansa, kada su matse kada su buɗe, daga Gusau har teku faɗin ɗaya ne. In an zo kwana, ƙarfen waje yakan ɗan fi na ciki tudu don jirgi ya karkata ya sha kwanar lafiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yar kafar da ake bari inda dogo ya haɗu da dogo. Na ɗauka ganganci ne, har na nuna wa helma. Ya ce in dawo in duba da rana tsaka. Na dawo na tarar ta haɗe baki, ashe ƙarfe miƙa yake yi in ya sha rana, dole a bar masa wurin da zai miƙe. Wannan kafa ita ce ke ba da ƙaƙas-ƙaƙas ɗin da kuke ji in jirgi yana tafiya.

Helman namu Bakatsine ne, ni kuwa Bakabe, kun san abin da ke tsakani. Kullum sai ya ce, "Bawana, zo nan, me ka gano yau?" Ni kuma in ce masa bawa ai shi ne wanda bai iya iyo ba. Da wa'adinmu ya cika 'yan garinmu suka naɗe tabarmi tun kafin a gama sallamarsu. Ni na ce su gaida gida, ina nan tafe. Damina ta zo ta wuce ban tafi ba. Aka gama hanya, jirgi ya fara shigowa Gusau, helma ya ce za a ɗauki 'yan mutane kaɗan na dindindin masu kula da layi, su bi shi suna ɗaure noti suna gyara tsakuwa suna duba gada, kuma ya sa ni a ciki. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Abu ɗaya ya rage, shi ne yardar Baba. A zamaninmu ba a kama sana'a ba da albarkar uba ba, wanda ya yi haka ko ya tara dukiya ba a ganinsa da daraja, shi ma ba ya ganin kansa. Ina ta juya yadda zan aika masa, sai ga shi ya zo da kansa.

Da yamma ce, na taso daga aiki na hango wani tsoho zaune a gindin tsamiya kusa da bukkokinmu, da sanda da jakar fata da buzu, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Tun daga Kalgo a ƙasa, shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Sai da ya sha ruwa ya ce, "Shinkafa ta nuna bara ba mai yanka. Uwarka ba ta barci. Ɗauko kayanka."

Na ce, "Baba, ina neman alfarma. An ba ni aiki a nan, ina son ka yarje mini in zauna."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Abin da ya kashe mini ayari, shi zan ba ɗana?"

Helma yana gefe yana ji. Ya matso ya durƙusa, ya ajiye wasan Katsinawa a gefe, ya ce, "Baba, gani ya kori ji. Kai da ka san hanya fiye da mu duka, bai kamata ka yanke wa wata hanya hukunci ba ka bi ta ba. Gobe akwai jirgin Zariya. Ku hau kai da shi, ku je ku dawo. In ka ce a'a bayan nan, ni da kaina zan ɗaura masa kaya." Baba ya ce wannan magana ce, madugu ba ya zagin hanyar da bai taka ba. Aka tsaya a kan haka.

Ni ma fa ban taɓa shiga jirgin fasinja ba, iyakata taragon tsakuwa. Muka shiga da hantsi ya yi nisa, muka samu benci kusa da taga. Kan jirgin yana gaba yana huci, mai zuba kwal ya yi baƙi ƙirin sai idanu. Mai tuta ya busa usur, ya ɗaga kore, taragu suka ja juna ɗaya bayan ɗaya, Baba ya riƙe bencin da hannu biyu yana salati. Da muka fita gari gudu ya kankama, sai ƙasa ta fara zuwa tana wucewa. Gonakin auduga sun yi fari, karan dawa a tsaye, giginyu suna tafiya baya, yara suna fitowa daga ƙauyuka da gudu suna ɗaga hannu. Can sai duwatsun Kwatarkwashi suka taso, baƙaƙe, manya, mikiya tana shawagi a kansu. Mai tafiya a ƙasa yakan yini yana kallon dutse ta fuska ɗaya, mu kuwa muna zaune ya juya mana gefensa ya juya wani. Muka shiga inda aka tsaga tudu, bango ya taso dama da hagu, ƙara ta cika kunne, muka fito sai ga mu a sama kan cikon ƙasa muna kallon kan itatuwa. Ina ta nuna masa, "Baba, nan mu muka cike, can mu muka fasa." Sai na ga ya saki bencin, ya sa kai a taga, har garwashi ya huda masa rawani bai kula ba. A raina na ce an gama, na samu.

Da azahar muka tsaya a wata 'yar tasha a daji inda kan jirgi ke shan ruwa. Aka jawo wani babban bututu daga tanki aka sa masa. Mata masu tallar gyaɗa da fura suka yi caa a tagogi. Baba ya dubi inuwa, ya ɗauki buzu da buta ya miƙe. Na ce, "Baba, ba ya daɗewa a nan, ka bari mu kai gaba."

Ya ce, "Ba ruwa shika sha ba? Ko jaki in ya sha ruwa sai ya huta. Wane ne madugunsu?"

Na nuna masa mai tuta. Ya sauka ya yi alwala da ruwan da ke zuba daga tankin, a natse, kamar yana bakin rijiyar gidansa. Sannan ya taka har gaban mai tuta, ya yi masa sallama, ya shimfiɗa buzu daidai inda mutumin ba zai ce bai gan shi ba, ya ta da kabbara. Shi a wurinsa ya cika doka, ya gama nasa. Kuma Baba ba ya gaggawar karatu, ko da sallar matafiyi ce.

Yana tsaye aka janye bututu. Yana ruku'u aka busa usur. Na leƙo ta taga na ƙwala ihu, "Malam, dakata! Tsohona yana salla!" Mai tuta ya dubi Baba, ya dube ni, ya dubi agogonsa. Ba mugu ba ne, na ga fuskarsa ba ta so ba. Ya ce, "Akwai wani jirgin yana jiran wannan a gaba, ba ni da iko." Ya ɗaga kore. Ni na san gaskiya ya faɗa, layi ɗaya ne, in wannan ya makara wancan ya tsaya, in aka yi wasa su haɗu. Na san wannan sarai, amma sanin bai amfane ni da komai ba da na ga taga ta fara wuce Baba yana sujada. Mutanen tarago suna ta "Subhanallahi", wata tsohuwa tana cewa a ja wani abu a tsayar. Ban tsaya shawara ba. Na wurga jakar fatar ta taga, na ture mutane na kai ƙofa, na diro. Tsakuwar da na sha shimfiɗawa da hannuna ta karɓe ni, ta kwashe mini fatar gwiwa da tafin hannu. Sandan Baba kuwa na manta da shi a ƙarƙashin benci, shi ya tafi Zariya.

Baba bai waiwaya ba. Ya idar, ya sallame, ya yi tasbihi, ya shafa addu'a. Sannan ya juya ya ga dogo fayau, sai hayaƙi can a kan itatuwa, sai ni tsaye jini yana bin ƙwaurina.

Ya ce, "Ina ayarin?"

Na ce, "Ya tafi, Baba."

"Madugun bai gan ni ba?"

"Ya gan ka."

Ya ce, "Ya gan ni, yat tahi." Ya maimaita a hankali, ba da faɗa ba, kamar mai son ya gane wani sabon abu. Ya naɗe buzunsa. Ni kuwa na san tawa ta ƙare, duk abin da taga ta gina mini usur ɗaya ya rushe shi. Mai kula da tashar ya ce jirgin komawa sai bayan kwana biyu, mu jira. Baba ya ce shi ya gama hawa, ƙafar da ta kawo shi daga Kalgo za ta mayar da shi Gusau.

Muka kama layi muka juyo. Da farko ya gwada taka ƙarafan gicciye, ya ga tazararsu ba ta dace da takun mutum ba, in ka taka kowane ɗaya ka yi tafiyar kaza, in ka tsallake ɗaya ka yi ta raƙumi. Ya yi tsaki ya koma gefe. Amma madugu madugu ne, ba ya bin hanya ido rufe. Da muka hau wani dogon ciko sai ya tsaya, ya gangara ƙasa, ya leƙa cikin kwalbati, ya shafa dutsen, ya dubi inda ruwa ke fitowa da inda yake zuwa. Ya hau ya ce, "Wa ya gaya musu nan ruwa ka bi?" Na ce tun kafin a fara aka zo da damina aka duba. Ya ce, "Hm." A inda aka tsaga tudu ya tambayi ina ƙasar ta tafi, na ce ita ce muka taka ɗazu. Ya sake cewa, "Hm." Muka kwana a wani ƙauye, da safe muka ci gaba. Ina bayansa da jaka, a nan ne na lura da abin da ban gani ba a gindin tsamiya. Yana jan ƙafar hagu. In ya zo hawa sai ya dafa gwiwa, in ya ga ina kallo sai ya saki. Sandan nan ashe ba na ado ba ne.

Rana ta take muka iso wata gada a kan wani babban rafi. Lokacin rani ne, yashi ne kawai da ɗan ruwa a gefe, amma ga alamar inda ambaliya ke kaiwa can sama a jikin ginshiƙai. Baba ya sauka cikin yashin ya tsaya a ƙarƙashi yana kallon sama. Ya tambaye ni yadda aka kafa su. Na gaya masa yadda muka haƙa yashi muna kwarfar ruwa har muka kai ga dutsen ƙasa, yadda aka zuba siminti da tsakuwa, yadda aka yi wa kowane ginshiƙi hanci ta wajen da ruwa ke zuwa don ya raba shi biyu, yadda aka turo manyan ƙarafan daga gaɓa a hankali har suka hau. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a gabansa ba. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Ko ruwa ya cika, wucewa shikai?" Na ce ko ya cika. Ya zauna a inuwar gadar, har na ɗauka gajiya ce.

Can ya ce, "Kana da baffa da ba ka sani ba. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. A hanyar Gwanja munka iske wani gulbi ya kawo, munka jira har guzuri ya ƙare, sannan munka shiga. Shi ka riƙe da jakin baya. Na jira shi a gaɓa kwana da kwanaki, ayari duka na jira tare da ni. Ruwa bai maido ko hularsa ba." Ya ɗaga kai ya dubi ƙarafan. "Da akwai irin wagga a wurin, da yanzu shina Kalgo da jikokinsa."

Na zauna kusa da shi a kan yashin.

Ya ce, "Madugunsu ba shi da kunya, wannan na gani da idona. Amma hanyar, wanda duk ya yi ta ya yi aikin lada. Kai kuma ka diro, na ji faɗuwarka ina sujada. Ƙarfen bai cinye ka ba. Ka zauna, yaro. Ka yi musu gada. Allah shi yi maka albarka."

Wallahi na yi kuka a ƙarƙashin gadar nan, ƙato da ni, shi kuwa ya kau da kai yana gyara rawani don kada ya gani.

Muka iso Gusau, helma ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Bakabe ko a tudu sai ya yi nutso. Ya ce in huta gwiwa ta warke, bayan kasuwa in kama aiki. Baba ya kwana ɗaya. Da safe ya ɗaure jakarsa, na sara masa sabon sanda, na ɗauki jakar in raka shi kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. A bakin gari ya miƙo hannu ya ce, "Kawo, koma haka nan." Na ce bari in kai shi bakin gulbi. A bakin gulbi ya ce rakiya ta isa. Na ba shi jakar, ya rataya, ya shiga yashi. Na tsaya ina kallonsa, tsoho ɗaya da ƙafa ɗaya da rabi, ga daji har Kalgo, ba jagaba a gabansa ba kowa a bayansa. A daidai nan jirgi ya yi kuka daga tasha, na ji shi har cikin ƙashina. Na bi Baba na karɓi jakar, na ce zan kai shi Bunguɗu in juyo.

A Bunguɗu ya ce in koma, na ce gobe. A Maru ya yi mini faɗa sosai, ya ce shi ba yaro ba ne, ya je Gwanja tun ba a haife ni ba, kuma ya riga ya sa mini albarka, me nake nema kuma? Na ce zango ɗaya dai. Ƙafar ta kumbura a Talatar Mafara, muka zauna har ta sace. Daga nan bai ƙara cewa in koma ba, ni ma ban ƙara cewa gobe ba. Da muka hango itatuwan Gwandu ya tsaya ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ni dai na sake ka." Na ce, "Na sani, Baba." Muka ci gaba da tafiya.

Na yanka shinkafar shekarar, da ta bayanta. Baba ya yi 'yan damina kaɗan ya rasu a ɗakinsa, ina riƙe da kansa. Kafin nan na yi aure, ga uwata, ga ƙanne, ga gona, wurina a layi kuwa an daɗe da ba wani. An yi ta cewa dogo zai zarce Sakkwato ya gangaro Kabi, na yi ta sauraro har na daina. Ban ƙara shiga jirgin ƙasa ba, Zariya ma har yau ban gan ta ba, rabin tafiyar nan ita ce duk rabona. Ina kewarsa, ba na ɓoyewa, kuma ba wanda ya hana ni shi, an ba ni da hannu biyu. Amma da za a mayar da ni bakin gulbin nan, ga kukan jirgi a bayana ga tsohon nan yana jan ƙafa a cikin yashi, jakar zan sake karɓa.